Wa Ya Riga Mu Yau?

Lahadi, 1 ga Oktoba

Abbu, mahaifina, ya kawo sabon talabijin yau. Siriri ne kamar allon aji, ba shi da ƙusumbi irin na tsohon. Ba ya bukatar wayar kebul, intanet yake sha.

Muna cin abincin rana Abbu ya ce, "Akwai sauran mai kallon kebul a gidan nan?" Ammi, mahaifiyata, ta ce ita dai a wayarta take kallon wasanninta tana murza gurasar roti. Dadi, kakata, tana ɗaki tana sallar azahar. Abbu ya juyo gare ni.

"Rubab?"

Na sunkuyar da kai, na girgiza shi.

Ina so in rubuta wannan daidai, domin na san abin da na yi. Na san da tasha ta bakwai. Tashar Chacha Mushtaq ce, wato Kawu Mushtaq, mai kebul ɗin unguwarmu. Ba komai a cikinta sai hoton masallaci da karatun Alƙur'ani, sai wani jan zirin rubutu da ke gudu a ƙasa, wanda kowa ke kira patti. A nan ake sa sunan duk wanda ya rasu, a ɓangarenmu da kuma tsallaken layin dogo, da lokacin jana'iza. Kakata ba ta iya karatu ba. Tun ina aji uku na firamare nake karanta mata. Ina shigowa daga makaranta, ko jaka ban ajiye ba, sai in ji, "Puttar, wa ya riga mu yau?" Puttar, wato 'yata, haka take kira na.

Shekara bakwai ke nan. Sunayen matattu kafin abinci. 'Yan ajinmu suna hirar finafinan da suke gani a intanet, ni kuwa abin da na sani shi ne an binne wane bayan la'asar.

Ba ƙarya na yi ba. Kai kawai na girgiza.

Talata, 3 ga Oktoba

Chacha Mushtaq ya zo ya cire waya. Ya hau soro da almakashinsa yana ta mita.

"Tufail, ni na ɗaura wayar nan makon da aka kawo amaryarka. Yau ka ga sabuwar fuska ka sallame ni."

Abbu ya yi dariya ya ce zamani ne. Sai ga Dadi ta fito tsakar gida da carbinta, ta ɗaga kai.

"Mushtaq, me kake nema a can sama kamar hankaka?"

"Ɗanki ya kore ni, Bibi."

"Patti fa?"

Abbu ya ce, "Bibi, komai ya koma waya yanzu. Akwai zauren unguwa a ciki, duk abin da Mushtaq ya sa a patti yana sa shi a can. Ko ba haka ba, Mushtaq?" Ya ce haka ne. Abbu ya ba ni tsohuwar wayarsa, ya sa ni a zauren, ya ce daga yau ni ce patti.

Dadi ta dube ni ta ce, "Ke ma kin yarda da wannan?"

Na ce Abbu ya fi ni sani.

Jumma'a, 6 ga Oktoba

Na sami darasin kimiyyar sinadarai a bidiyo, malamin ya fi namu iya bayani, kuma ba ya kiran suna a tashi a amsa. Wannan kam alheri ne. Ina rubutawa don kar in manta akwai alheri.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Dadi da sabon talabijin ba su jitu ba. Abbu ya miƙa mata rimot ya ce ta zaɓi duk abin da take so.

"Me ake yi yanzu?"

"Bibi, babu 'yanzu'. Duk abin da kika zaɓa shi ake yi."

"To mutane me suke kallo?"

"Kowa nasa."

Ta ajiye rimot ɗin a kan tabarma. "Abin da bai san lokaci ba, ina zai san mutane?"

Da, ƙarfe takwas duk muna gaban tsohon, Dadi tana zagin mugun cikin wasan, Ammi tana kare shi don kawai ta tsokane ta. Yanzu Ammi na kicin da wayarta, Abbu da wasan kurket ɗinsa, ni da nawa. Babban allon yana bango shi kaɗai yana nuna hoton duwatsu.

Ina karanta mata sunaye daga waya kullum. Ta ce ba daɗi, wai rubutun ba ya tafiya.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na raka Dadi tsallaken layin dogo duba Masi Sardaran, wato Inna Sardaran. A riksha, keke mai ƙafa uku, muka je, ƙafafun Dadi ba sa kai ta can yanzu. Masi Sardaran ƙawarta ce tun suna amare. Su biyu ake kira wankan gawa idan mace ta rasu, shekara arba'in ko fiye: ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na cuɗawa. Dadi tana da wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta, da kafur da auduga da busasshen ganyen magarya a ciki. Ban taɓa son taɓa shi ba.

Masi ta rame sosai, amma bakin yana nan.

"Inayat, kin zo auna ni?"

"Na zo in ga ko kin rage nauyi. Ba ni da ƙarfin juya buhun shinkafa."

"To ki fara cin ƙwai, don na kusa. Kar ki bar ni a hannun Shagufta. Kofin shayi ma ba ta iya wankewa."

Shagufta, matar ɗanta, tana tsaye a bakin ƙofa da faranti. Ta ce, "Ina ji fa." Masi ta ce ai don ta ji ta faɗa.

Suna da alkawari, kowa ya sani: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta, ba wani hannu ba. Masi ta kama hannun Dadi ta ce, "Kin tuna?" Dadi ta ce, "Rufe bakinki, tsohuwar banza. Ko da rarrafe."

Da za mu tafi Shagufta ta ce idan wani abu ya taso za su sa a patti, tunda Bibi ce ke fara gani a duk garin nan. Na buɗe baki in ce an cire mana waya. Mutane sun yi yawa a ɗakin. Na ce a raina ai duk ɗaya ne, yana zuwa zaure.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Zauren nan bala'i ne. Saƙo ɗari biyu a yini. Hoton fure da barka da asuba, wani na sayar da akuya, rigimar magudanar ruwan layi na huɗu, maganin ciwon gwiwa. Wayar ba ta minti biyu ba ta yi tsuwa ba. Ina tsakiyar kallo sai akuya ta faɗo a kan fuskar mutum.

Na gano inda ake kashe masa ƙara. An ba ni zaɓi: awa takwas, mako ɗaya, ko har abada. Na danna na ƙarshen. Zan riƙa leƙawa da kaina, ba wani abu ba ne.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Na fara wani dogon wasa da Hina ta ajinmu ta nuna mini. Yau a lokacin tara na yi magana cikin 'yan mata, har aka yi dariya a inda ya kamata a yi. Ni! Hina ta ce, "Ashe kina da murya."

Litinin, 6 ga Nuwamba

"Wa ya riga mu yau?"

Na ce babu kowa. Ban duba ba. Daga baya na duba, kuma da gaske babu kowa. Don haka ba ƙarya ba ce.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Masi Sardaran ta rasu.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Ban je makaranta ba. Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Jiya da safe Abbu ya tafi Lahore sayo kaya. Ni na hau soro da waya, na zauna a hantsi. Wasan nan idan kashi ɗaya ya ƙare, na gaba yana farawa da kansa, ba ya jiran ka ce to. Na kalli shida. Da azahar Dadi ta kira daga ƙasa ta yi tambayarta. Na leƙo na ce, "Babu kowa, Dadi."

Dab da magariba maƙwabciyarmu Masi Zubaida ta shigo da mayafin fita a kanta. Ta tsaya tana kallon Dadi da ke tsintar shinkafa.

"Bibi! Ashe lafiyarki ƙalau? Mu mun ɗauka ko faɗuwa kika yi a hanya."

"Wace hanya?"

"Sau biyu aka mayar da ruwa kan wuta ana jiran ki. Shagufta na ta cewa ku dakata, Bibi ta gani a patti, tana tafe. Ni daga wajen 'yata na wuce can, da na biyo miki. Da aka ga la'asar na neman wucewa sai aka kira wata malama daga makarantar mata."

Dadi ba ta ce "wa" ba. Ta ajiye faifan a hankali. Ta tambayi abu ɗaya kawai: "An sa mata magarya a ruwan?"

Masi Zubaida ta ce ba ta lura ba.

Na shiga banɗaki na buɗe zauren. Yana nan, tsakanin hoton fure da rigimar magudana. Ƙarfe tara da minti arba'in na safe. Sardaran Bibi, matar marigayi Ghulam Nabi, jana'iza bayan la'asar. Chacha Mushtaq har ya ƙara da nasa a ƙasa: "A sanar da Bibi Inayat."

An kira wayar Abbu sau biyu, yana cikin kasuwa, bai san lambar ba, bai ɗauka ba. Lasifikar masallacinsu ba ta tsallako layin dogo. Ni kaɗai ce hanyar.

Da Abbu ya dawo ya ce, "Rubab, ba ki ga saƙo ba?"

Na ce bai shigo ba.

Ya ce, "Wannan intanet ɗin!" Ya buga ƙafa a ƙasa. Shi ke nan, ya yarda. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, shi ya sa.

Talata, 14 ga Nuwamba

Sadakar uku. Mun je. Mata cike da tsakar gida a kan fararen zannuwa, ana ƙirga tasbihi da ƙwallon dabino. Da Dadi ta shiga sai surutu ya ragu.

Shagufta ta rungume ta tana kuka, sannan ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Har numfashinta na ƙarshe sunanki take kira, Bibi. Ta ce Inayat ko da rarrafe za ta zo."

Wata daga baya ta ce, "An ce sun sayi sabon talabijin." Wata ta ce, "Allah ya sa alheri." Na san irin wannan Allah ya sa alherin.

Dadi ba ta kare kanta ba. Ta nemi a nuna mata inda aka yi wankan. Bayan ɗaki ne, siminti ya riga ya bushe. Ta tsaya a wurin ta daɗe. Ni ina riƙe da takalmanta kamar wata mutumiyar kirki.

A riksha muka dawo, muka hau kan layin dogo. Ta ce, ba da ni take ba, "Tana jin sanyi a bayan wuya. Ba su sani ba."

Jumma'a, 17 ga Nuwamba

Ammi ta ce laifin Shagufta ne, me ya hana ta aiko mutum. Abbu ya ce laifin kamfanin intanet ne. Da ya gaji ya ce laifinsa ne. Ya je wajen Chacha Mushtaq ya ce a dawo da waya gobe-gobe. Ya dawo a sanyaye. Wai ƙarshen watan nan za a rufe tasha ta bakwai gaba ɗaya, gidajen da suka rage ba su kai a ci gaba ba. Chacha ya ce masa, "Kun fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa gidana ne kawai. Yanzu ka dawo kana tambayar ina kasuwa."

Na mayar wa zauren ƙararsa. Yanzu da ba ta da amfani.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Kwana goma Dadi ba ta yi tambayar ba. Ina shigowa, ina tsayawa a bakin ƙofarta da jaka a kafaɗa, ba ta ɗago kai. Abbu ya sa mata karatun Alƙur'ani a babban allon, irin wanda ba ya ƙarewa. Tana zaune a gabansa, idonta a ƙasan allon, inda ba abin da ke wucewa.

Jiya an zo kiran ta wankan wata mata a layi na biyu. Ta ce a nemi malamar makaranta. Ta tura gwangwanin can ƙuryar gado da sandarta.

Hina ta ce in zo mu yi hirar kashi na talatin. Na ce kaina na ciwo. Amma na kalle shi. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da kaina: na kalle shi, har na ji daɗinsa.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Na ci goma sha tara cikin ashirin a gwajin sinadarai. Abbu ya ce, "Kun gani? Intanet ɗin ma yana da ranarsa." Ya sayo mini alawar jalebi. Na ba Ammi.

Lahadi, 3 ga Disamba

Na faɗa mata.

Tana tsakar gida a rana, ina shafa mata man mustad a ƙafa. Ban shirya ba. Na ga ƙafafun ne, yadda suka kumbura, na tuna "ko da rarrafe". Sai na ji bakina yana cewa, "Dadi, saƙon ya shigo. Ni na kashe ƙarar. Ranar ban duba ba."

Ban iya ɗaga kai ba. Na ci gaba da shafawa.

Ta ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Karatu ne ba ni da shi, ba kunne ba. Abin nan yana ta tsuwa a aljihunki kamar ɗan tsako, dare da rana. Wata Alhamis ya yi shiru. Na ce to, ko mutanen garin nan namu na Gujranwala sun daina mutuwa ne."

"Me ya sa ba ki faɗa wa Abbu ba?"

"Ya mare ki, sai Sardaran ta taso in wanke ta?"

Na ce ta yafe mini. Kuka nake yi sosai, har majina. Na ɗauka za ta dafa kaina kamar da. Ba ta dafa ba.

"Ni me kika yi mini? Wadda aka yi wa tana ƙarƙashin ƙasa, je ki tambaye ta." Ta janye ƙafarta. "Kin gaji da karanta mini, na sani tun bara. Kina karantawa kamar mai haɗiye magani. Da kin buɗe baki kin ce kin gaji, da na nemi wani. Amma ke ba kya magana. Kowa na cewa Rubab mai kunya, Rubab saliha. Shirun naki ya fi ƙaryar wasu tsada."

Ba wanda ya taɓa gaya mini magana irin wannan.

Da na tashi zan tafi ta ce, "Alkawarin nan na mutum biyu ne. Ita na yasar da ita. Ni kuma yanzu wa ya rage mini? Malamar makaranta?"

Na shiga ɗaki.

Alhamis, 7 ga Disamba

Ba ta yi mini magana sai ta aike. Kawo ruwa. Rufe taga. Da sunana take kira na, Rubab, kamar malamar aji. Ban san ina jin "puttar" ɗin nan ba sai da ya tafi.

Chacha Mushtaq ya kwashe wayoyinsa daga layinmu. Sama ta yi fili, ba kyau.

Lahadi, 10 ga Disamba

Ƙarfe takwas da rabi na safe wayar ta yi tsuwa. Akuya. Ta sake. Fure. Ta uku suna ne.

Ba ta tambaye ni ba. Na je bakin ƙofarta na tsaya, na karanta da ƙarfi yadda nake yi da, a hankali, kamar rubutun yana tafiya: Hamida Begum, matar Master Siddiq, layi na shida, jana'iza bayan azahar.

Har na juya.

"Sunkuya ki jawo gwangwanin."

Ammi ta fito daga kicin da gari a hannu. "Bibi, yarinya ce fa. Ko aure ba ta yi ba. Ga jarrabawa a gabanta."

Dadi ta ce, "Ɗauke mata mutuwa za a yi don tana da jarrabawa? Sa mayafinki, Rubab."

Ba zan rubuta komai da komai ba. Ɗakin ƙarami ne, da sanyi. Matar ta fi yadda na zata ƙanƙanta. Ni ke riƙe da buta. Dadi ta sa gwiwar hannunta a ruwan ta ce a ƙara na zafi, ta murtsuke magarya a ciki. Na zuba da yawa a farko, ta ce, "A hankali, ba tukunya ba ce." Daga dama ake farawa. Ba a yaye zanen, ta ƙarƙashinsa hannu ke bi. Ana sa tafin hannu a tare bayan wuya kafin a juya ta. Abin da ido ya gani a ɗakin, a ɗakin yake zama.

Na kau da kai sau ɗaya. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ki kalla da kyau. Wannan ba bidiyonku ba ne da ake mayarwa baya."

Na kalla.

A hanyar dawowa ta dafa kafaɗata, amma don gwiwarta ne. Ta ce ita ba ta son kafur da yawa, yana sa ta atishawa. Na kusa cewa ai lokacin ba za ta yi atishawa ba. Na fahimci abin da take gaya mini, na yi shiru. Sannan na tuna abin da ta ce game da shiruna, sai na ce, "To, Dadi. Kaɗan."

Ba ta ce puttar ba.

Gwangwanin yana ɗakina, ita ta ce ƙarƙashin gadonta ya cika. Ganyen magarya ya kusa ƙarewa, akwai bishiya a bayan makarantarmu. Hina ta aiko tana tambaya ko na ga kashin ƙarshe. Zan gani, wataƙila gobe.

Hannuna har yanzu ƙanshin kafur yake. Ban sa sabulu ba. Ruwan famfo ne ya yi sanyi, shi ya sa.